Cisco Catalyst 2960-X: Tana Raba Kaya, Amma Ka Ƙirga VLAN Ɗinka

Idan aka haɗa suwic (na'urar haɗa kwamfutoci a netwok) biyu da kebul biyu ba tare da STP ba, wato tsarin da ke toshe rarar hanya don hana zagaye, saƙon Ethernet zai yi ta zagaye har abin da hali ya yi, don ba shi da wa'adin mutuwa irin na IP. Fitilun ƙofofi su kama ƙiftawa tare, netwok ya tsaya cik. Suwic ɗin Catalyst 2960-X tana maganin wannan da kyau, sai dai fa da sharaɗi.

Inda ta fi burgewa shi ne Rapid PVST+, wani nau'in STP inda kowane VLAN (rukunin da aka ware a cikin netwok) ke da tasa bishiyar, wato taswirar hanyoyin da saƙo zai bi. Suwic mai ƙaramar lambar fifiko ce ke zama tushen bishiyar. Sai ka ba suwic ta farko lamba 24576 a VLAN 10 da 30, ta biyu kuma 28672, sannan ka juya lambobin a VLAN 20 da 40. Shi ke nan, a suwic ta uku da ke da kebul zuwa kowacce daga cikinsu, kebul ɗin da da zai zauna a toshe ya ɗauki rabin kaya. Lambar tana tafiya ne da ninkin 4096. Duk wanda ya bar kowace suwic a kan 32768 na asali, to mai ƙaramar lambar MAC (adireshin da aka ƙera na'ura da shi) ce za ta zama tushe, kuma sau da yawa tsohuwar da aka manta a lungu ce. Idan kebul ya yanke, hanya na komawa cikin daƙiƙa kaɗan, ba 30 zuwa 50 na tsohon STP, wato 802.1D, ba.

Matsalarta: bishiyoyi 128 kawai take ɗauka. VLAN na 129 zai yi aiki ba tare da STP ba, ga ƙofar zagaye nan a buɗe. Mafita ita ce MST, wato 802.1s, wanda ke tattara VLAN da yawa a bishiya guda. Amma sai sunan yankin MST, lambar bita da jadawalin VLAN sun yi daidai a kowace suwic. Harafi ɗaya ya saɓa, yanki ya rabu biyu, rabon kayan ya wargaje ba tare da wani ƙorafi ba. MST ɗin ne kuma ya fi dacewa idan akwai suwic na wani kamfani a cikin netwok, tunda PVST+ na Cisco ne.

A ƙofofin ma'aikata, kunna PortFast (mai buɗe ƙofa nan take) tare da BPDU Guard. Wani ya soka ƙaramar suwic mai aiko BPDU (saƙon STP) a ƙarƙashin tebur, ƙofar za ta rufe kanta.

Cisco ta daina sayar da sabuwa tun 2022, don haka mafi yawa ta hannu za ka samu. Duba lasisin kafin ka biya, a tabbata LAN Base ce.