Inshorar Tafiya ko Inshorar Lafiya ta Shekara?

Ɗan kasuwar Maradi da zai yi wata takwas a Sin ko Dubai, hanya biyu ce a gabansa.

Ta farko inshorar tafiya, wadda muke kira asirans ta biza. Ba ta da tsada, a rana guda ake samun takardarta. Ita ce ake nema wurin bizar Schengen ta shiga ƙasashen Turai, inda dole ta ɗauki nauyin Yuro 30,000, kusan sefa miliyan 20, kuma zaman da bizar ke ba da izini ba ya wuce kwana 90. Aikinta na gaggawa ne: haɗari, ciwo na farat ɗaya, ko mayar da gawa gida.

Ta biyu inshorar lafiya ta shekara. Kuɗinta ya ninka na waccan sau da yawa, amma, gwargwadon tsarin da ka zaɓa, takan biya ganin likita, gwaji da magani.

Yayana mai ciwon suga ya tafi da ta farko. A wata na huɗu ƙafarsa ta kumbura, aka kwantar da shi. Da ya miƙa takardar, kamfanin ya ce ciwon ya riga inshorar, ba ruwansu. Kuɗin kayan da ya je saro ne suka tafi asibiti, har yau abin na ci mini rai.

Ni dai, mai hawan jini ko suga da zai daɗe, ta shekara nake ba shi shawara. Sai dai ya faɗi ciwonsa tun farko, a rubuta masa ko za su ɗauka, domin wasu kamfanonin sukan cire shi ko su ƙara kuɗi.