Wata Uku Ina Biyan Kuɗin Kallon Fim a Waya

A majalisarmu ta bayan isha'i a Gwammaja da wuya a yi mako guda ba a yi musu a kan fim ba, kuma irin wannan musun ne ya kai ni ga biyan kuɗin wata manhajar kallon fina-finan Hausa. Wani abokina ya kafe a kan cewa duk lambar yabon da ake bai wa 'yan fim sanayya ce kawai, ni kuwa na ce masa yawancinmu ba mu kalli fina-finan da muke yanke wa hukunci ba, guntayen da ke yawo a Facebook da TikTok muke gani mu hau gardama. Da na koma gida sai na lura maganar ta fi kama ni, domin rabona da in zauna in kalli fim daga farko har ƙarshe an kwana biyu. A daren na yi rajista, na biya kuɗin wata uku.

Rajistar ba ta ba ni wahala ba, kuma hoton yana fita tas. Ga wanda ya taso yana sayen kaset, daga baya faifan CD, a Bata da Ƙofar Wambai, wanda ya san takaicin faifan da ke tsayawa daidai inda labari ya ɗauki zafi, wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne damar sauke fim da tsakar dare lokacin da data ke araha, in kalla washegari ba tare da na damu da ƙarfin sabis ba. Sau biyu manhajar ta fitar da ni, ta ce sai na sake shigar da lambar sirri, sau ɗaya kuma fim ɗin da na sauke ya ɓace. Na yi ƙorafi, sai bayan kwana uku aka amsa mini.

Sai dai babban abin da na karu da shi ta kunne ya shigo. Kallo da abin sauraro a kunne ya tona mini asirin sautin fina-finanmu, wanda hayaniyar falo ke rufewa idan ana kallo a talabijin. A fim guda za ka ji muryar jarumi ta yi ƙasa har sai ka ƙure ƙara, can sai kiɗa ya faɗo kamar zai fasa maka dodon kunne. A wani wurin ana zancen sarauta ta zamanin da, amma ƙugin janareta da hon ɗin adaidaita sahu suna ratsowa daga bayan katanga. Wannan ba laifin manhajar ba ne, laifin gaggawar masu shiryawa ne, waɗanda za su kashe kuɗi a kan kyamara da sutura da hayar gida mai bene, su bar ɗaukar sauti a hannun yaro ɗaya. 'Yan fina-finan da aka kula da sautinsu kuwa, ko labarin bai kai ya kawo ba, sai ka ga ka zauna har ƙarshe.

A nan ne na fara fahimtar abin da alƙalan gasa ke dubawa, wanda mu 'yan kallo ba ma lissafawa da shi. Mun daɗe muna cewa harshenmu ne ke hana a san da mu a waje, alhali a rukunin fina-finan ƙasashen duniya na gasar Oscar sharaɗin shi ne mafi yawan maganganun fim su kasance ba da Turanci ba. Saboda wannan sharaɗi aka cire fim ɗin Najeriya Lionheart a 2019, domin Turanci ya rinjaye shi. Fim ɗin da Najeriya ta tura bayansa, The Milkmaid, akasarinsa da Hausa aka yi shi, kuma a 2020 ya lashe kyautar gwarzon fim a gasar fina-finan Afirka ta AMAA, Maryam Booth ma ta karɓi ta mataimakiyar jaruma. A 2024 aka sake tura fim na Hausa, Mai Martaba, wanda aka ɗauka a Daura, ko da yake bai shiga jerin goma sha biyar da aka tace ba. Na nemi waɗannan fina-finan Hausa biyun a manhajar domin in kwatanta su da sauran, ban samu ko ɗaya ba, abin da ya ba ni haushi ƙwarai.

Haka nan babu tsofaffin fina-finai. Masana'antar da ta faro da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 tana da tarihin sama da shekara talatin, amma abin da ke cike da manhajar shi ne fina-finai masu dogon zango na kwanan nan, waɗanda da yawansu ana samun irinsu kyauta a YouTube. Da za a nemo tsofaffin kaset a gyara su a ɗora, da na biya ninkin abin da nake biya ba tare da na yi ciniki ba.

Da wata ukun ya cika na sabunta na wata ɗaya kawai, in ga ko za a ƙaro wani abu. Abokin musuna har yanzu yana kan bakansa game da sanayya, amma yanzu shi ke karɓar wayata bayan isha'i, kuma ya sayi nasa abin sauraron.