Madubin duba harbi: ɗauki mai lanƙwasa na milimita 60, ka ƙyale mai zum

Malam, ka tambaya wane madubi za ka saya don duba ramukan harsashi a takardar harbi ta mita 50. Cikin biyun da ka ajiye mana hotunansu a zauren nan, wato madubin hangen nesa mai zum 20 zuwa 60 da ake haɗa wa mutum da jaka da 'yan ƙafafu, da kuma TSN-601 na kamfanin Kowa, mai lanƙwasasshen jiki da gilashin gaba na milimita 60, wanda ake sayen maleƙarsa (inda ake kara ido) daban, na biyun zan ce ka ɗauka. Ka sa masa maleƙa mai ninki 25 tsayayye, wadda aka rubuta wa LER a jiki, wato mai doguwar tazarar ido. Shi ne a hannuna, kuma da zai ɓata yau, gobe irinsa zan shiga nema.

Mutane suna zuba ido kan girman gilashin gaba da yawan ninki, alhali ɗan guntun nan na baya da ake kara ido a kai, maleƙa ke nan, shi ke sa mutum ya so madubinsa ko ya tsane shi. Kowace maleƙa tana da tazarar da ido zai tsaya kafin ya ga hoton gaba ɗaya. A masu zum na araha tazarar gajera ce, kuma yawanci tana ƙara tsukewa yayin da kake murza zum ɗin sama, har sai gashin idonka ya taɓa gilashi. Ta LER ɗin nan tazararta ta kai wajen milimita 32. Mai sa tabarau ba ya son abin da ya gaza milimita 15 zuwa 17, kuma a filin harbi kusan dukkanmu masu tabarau ne, in ba na magani ba to na kariya.

Ka tuna yadda kake a harbin rub da ciki. Ɗamarar bindiga ta kama damtse, gwiwar hannu ta samu mazauninta a kan shimfiɗa, kunci yana kan ƙotar bindiga. Duk wanda ya san wahalar gina wannan kwanciyar ba ya son ya rushe ta don duba rami ɗaya. Da doguwar tazara da kuma jiki mai lanƙwasa, sai ka girke madubin a gefen hagu dab da fuskarka, ka ɗan karkata kai kaɗan, ka gani, ka komo. Gwiwar hannu ba ta motsa ba. Da miƙaƙƙen madubi mai gajeriyar tazara kuwa, sai ka ɗaga kai, ka miƙa wuya, ka laluba, kuma harbi na gaba daga wata kwanciyar daban zai fita ko da ba ka lura ba.

Wata Asabar cikin hunturu, hazo ya sauka sosai, muna kan mita 50 da la'asar sakaliya. Wani dattijo da ke layin kusa da ni, mai tabarau masu kauri, ya daɗe yana fama da nasa madubin: ya cire tabarau ya leƙa, ya mayar ya leƙa, ya yi tsaki. Da aka ba da hutu na juya nawa zuwa takardarsa na ce, "Baba, bismillah, leƙa nan." Bai cire tabarau ba, bai ma matso sosai ba. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya fara ƙirga ramukan da yatsa a iska, ɗaya bayan ɗaya, duk sun taru ƙasa ta hagu a cikin baƙin da'irar takardar. "Ashe hannuna lafiya lau," in ji shi, "saitin bindigar ne ya kauce." Ya murza saitinsa, zagaye na gaba suka hau tsakiya. Murnar da na gani a fuskar bawan Allah nan ta fi mini kuɗin madubin.

Mai zum ɗin kuwa na taɓa riƙe irinsa, marar sunan kirki a jiki. Yana nuna takarda, ban hana shi wannan ba.

Ninki 25 zai iya yi maka kama da kaɗan tunda ga mai 60 a gefe, to mu yi lissafi. A mita 50, ninki 25 yana kawo maka takarda kamar kana tsaye mita 2 daga gare ta. Ramin harsashin .22 faɗinsa milimita 5.6 ne, zoben tsakiya mai maki goma na takardar mita 50 ta ISSF (hukumar wasan harbi ta duniya) kuma milimita 10.4. Mai lafiyar ido yana ganin wannan daga mita 2 in dai hoton tas yake. A mita 10 da bindigar iska, inda harsashin yake milimita 4.5, takardar tana zuwa kamar santimita 40 daga hancinka, wanda ya ma yi yawa. Saboda haka girma ba shi ne matsalarmu ba. Matsalar ita ce baƙin rami a cikin baƙin da'irar takarda, kuma wannan tsabtar gilashi da haske ke raba su.

Hasken ma lissafinsa ba wuya. Raba faɗin gilashin gaba da ninki, abin da ya fito shi ne kaurin hasken da ke isowa idonka. Milimita 60 a ninki 25 ya ba ka 2.4, wanda ya yi daidai da buɗewar ƙwayar ido da rana. Milimita 60 a ninki 60 ya ba ka 1 tak. Shi ya sa da ka murza zum zuwa ƙarshe hoto ke dushewa, ya zama kamar leƙen kafar makulli, ka ɗan motsa kai komai ya ɓace. A gilashi marar kyau kuma sai wani shuɗi-shuɗi ko ja-ja ya bi gefen baƙin da'irar, daidai wurin da kake son tantance ko harbi ya taɓa layi.

Ga kuma zafinmu. Daga Maris zuwa Mayu, da hantsi ya ɗaga, ƙasa ta ɗau zafi, kawalwalniya ke tashi tsakaninka da takarda. Madubi ba ya zaɓe, yadda ya ninka takarda haka yake ninka rawar iskar. A ninki 60 za ka ga zobban suna ta lilo, ramin ya bayyana ya ɓace. A 25 rawar tana nan amma ba ta cinye hoton, har ma ta zama abin amfani. Ka ɗan janyo saitin gani baya, ya tsaya kafin takarda, sai ka ga kawalwalniyar kanta. In tana tashi sama tsaye, iska ta kwanta ko tana bin layin harbi. In ta karkata dama ko hagu, can iska ta nufa, kuma iya kwanciyarta iya ƙarfin iskar. Harsashin .22 ba shi da nauyi, iska kaɗan ke ture shi daga goma zuwa tara, don haka wannan karatun ba ƙaramin abu ba ne. Maleƙa mai faɗin gani da ba ta gajiyar da ido ita ke ba ka damar yin sa.

In nauyi ne damuwarka, TSN-601 jikinsa bai kai kilo ɗaya ba, yana shiga jakar kaya ba tare da rigima ba. Akwai ƙananansa masu milimita 50, irin su TSN-501 na kamfanin ɗaya, mai zum 20 zuwa 40, da Nikon ED50. Na farkon maleƙarsa a haɗe take, ba a canzawa, na biyun ana canzawa. Ga wanda mita 10 da 25 kawai yake harbi sun wadatar. Kai da ka ambaci mita 50, tsaya kan 60. In kuma wata rana ka koma mita 300, kada wani ya ce maka ƙaramin madubi zai riƙa nuna maka rami cikin baƙi da tsakar rana, ko manyan ma fama suke yi.

Ƙafafun da ake haɗowa da na araha, ka ɗauka babu su. Iska kaɗan ke girgiza su, wuyansu kuma yana sunkuyawa a hankali bayan ka ɗaure. Ware kuɗi ka sayi matsayi mai nauyi, wanda ke sauka ƙasa sosai don rub da ciki, ya kuma tashi don harbin tsaye. Madubi mai kyau a kan matsayi mai rawa asarar kuɗi ne.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa, domin an cuci mutane da yawa a nan. Irin wannan madubin jiki daban ake sayarwa, maleƙa daban. Wasu 'yan kasuwar intanet sai su sa hoton da maleƙa a jiki, farashi ya yi daɗi, ka tura kuɗi, kaya ya iso babu abin leƙawa, su ce ai ba su rubuta da ita ba. Sa a rubuta maka ƙarara cewa da maleƙa ne, da lambarta. Kuma ba kowace maleƙar kamfanin ce ke shiga kowane jiki ba, ta manyan samfuran TSN-770 da 880 mazauninta daban ne da na 600. Wasu kuma madubin ɗaurawa kan bindiga za su turo maka, wanda aikinsa daban ne kwata-kwata. Harufan HD da ake mannawa a kwali ba shaida ba ne, kowane mai buga kwali yana iya rubuta su.

In na hannu ne, wanda ba laifi ba ne don masu kyau suna daɗewa, kunna fitilar waya ka haska ta gilashin gaba. Ka ga wani farin zare-zare a ciki, fumfuna ce ta damina, ajiye musu kayansu. Murza abin saita gani daga farko zuwa ƙarshe, ka ji ko yana tafiya sumul ba tsalle ba sassauci. Sannan ka je da takardarka da ka riga ka harba, ka manna ta a bango cikin inuwa, ka taka mita 50, ka leƙa da tabaranka a fuska. In ka ƙirga ramukan cikin baƙin ba tare da ka matse ido ba, biya. In mai kaya ya ce sai ka biya kafin a buɗe kwali, yi masa sallama.