Google Keep ya rage min cunkoson tunani a ofis

Gaskiya duk wanda ayyuka suka yi wa yawa a ka ya gwada Google Keep, manhajar Google ta rubuta abubuwan da kake son tunawa. Kyauta ne, in kana da Gmail shikenan, kuma ko babu sabis za ka rubuta abinka a waya, in ya dawo sai ya bayyana a kwamfutarka da kansa.

Abin da ya fi burge ni shi ne jerin ayyuka mai akwatin tik. Oga ya leƙo ya ce a tura wasiƙa kafin azahar, wani ya kira kan rasit, maimakon in riƙe su a ka har ina sallah hankalina na can, sai in zuba su nan take, wanda na gama in danna tik ya sauka ƙasa da layi a kansa. Wallahi ganin layin nan kaɗai yana sauke nauyi. Na gaggawa kuwa ina maƙale su a sama da jan launi.

Amma fa in kuna da yawa kuna raba babban aiki kowa da wa'adinsa, Trello, manhajar tsara aikin haɗin gwiwa, zai fi muku. Sannan a riƙa share tsofaffi duk ƙarshen sati, in ba haka ba Keep ɗin ma cika yake.