Na'urar Parsortix mai tace ƙwayoyin kansa daga jini: tana aiki, amma da sauran magana

Masu tambayata akan mashin ɗin da muke aiki da shi a leb, wato ɗakin gwaje-gwaje, to ga abin da na gani. Sunansa Parsortix, kamfanin ANGLE na Ingila ne suka ƙera shi, kuma a 2022 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a riƙa amfani da shi wajen kamo ƙwayoyin kansa daga jinin masu kansar mama wadda ta riga ta bazu. Aikinsa kenan, ya kamo su ya miƙo maka, sauran bincike kai za ka yi abinka.

Su dai waɗannan ƙwayoyin da ke ɓallewa daga ƙari su faɗa cikin jini ba yau aka san da su ba, tun 1869 wani likita a Ostireliya, Thomas Ashworth, ya gansu a jinin wani mamaci. Wahalar ita ce kamo su, don mililita ɗaya na jini akwai jajayen ƙwayoyi biliyoyi da farare miliyoyi, ita kuma ta kansa ƙila ɗaya, ƙila ma babu. Tsohon gwajin da aka fi sani, CellSearch, wanda aka amince da shi tun 2004, da maganaɗisu yake jawo su ta hanyar wani furotin da ke jikin fatarsu mai suna EpCAM, to amma ƙwayar kansa idan ta tashi tafiya sau da yawa tana rage wannan furotin ɗin, sai ta wuce ta gabansa bai ganta ba.

Shi Parsortix ba ruwansa da furotin, girma da tauri kawai yake dubawa. Ana saka wani ɗan kaset na roba mai girman gilashin maikroskop, cikinsa an yi masa hawa-hawa yana ta matsewa har ya kai maikromita 6.5 a ƙarshe (maikromita dubu ne ke yin milimita ɗaya), sai mashin ya riƙa tura jinin a hankali. Kamar rariyar tankaɗe dai. Jar ƙwayar jini ba ta da cibiya a cikinta, wato ƙullin nan na tsakiya mai ɗauke da ƙwayoyin gado, lanƙwashewa take ta wuce abinta, farare ma yawanci suna matse jiki su fice, ita kuwa ta kansa ta fi su girma ga cibiyarta ƙatuwa mai tauri, sai ta maƙale a kan matakalar. In an gama sai a juya ruwan baya ya wanko su. Wallahi in ka ɗora kaset ɗin a maikroskop bayan an rina ka ga dunƙulen ƙwayoyi huɗu biyar sun cure a bakin matsatsin, abin na da ban tsoro da ban sha'awa lokaci guda. Kuma a raye suke fitowa, za ka iya duba kwayoyin gadonsu, nan kam na ba shi maki.

Kama dunƙulen nan ma ba ƙaramin abu bane, don binciken da aka yi da ɓeraye a 2014 ya nuna dunƙule ya fi ƙwaya tilo iya kafa sabon ƙari nesa ba kusa ba. Yawancin waɗanda suka shiga jini su kaɗai ai mutuwa suke, gudun jini ya yayyaga su ko garkuwar jiki ta cinye su.

To ga inda nake da ja. Abin da ke sa ƙwayar kansa ta maƙale a kaset shi ne dai ke sa ta maƙale a ƙananan jijiyoyin huhu ko hanta, waɗanda faɗinsu bai wuce maikromita 5 zuwa 10 ba, amma kuma an sha aunawa an ga ƙwayoyin kansa sun fi lafiyayyun 'yan uwansu laushi, kuma sau da yawa masu saurin bazuwa su suka fi laushin, har dunƙulen ma an nuna yana iya warwarewa ya jeru ɗaya bayan ɗaya ya ratsa siririyar hanya. Kenan wadda ta fi iya matse jiki, wadda ita ka fi so ka gani, ita ce za ta iya zille wa kaset ɗin. Ƙananan ƙwayoyi ma haka. Ni dai duk sanda sakamako ya fito babu komai ba na cewa jinin tas yake.

Sauran ƙorafin ƙanana ne, yana ɗaukar awoyi kuma jinin mutum ɗaya yake ci a lokaci guda, kaset kuma sau ɗaya ake amfani da shi a jefar, ga fararen ƙwayoyi da ke biyo su sai ka sake tantancewa.

Ga mai bincike ina ganin ya ci kuɗinsa, musamman in ana son ƙwayoyi masu rai. Amma masu turo min saƙo cewa suna jin kullutu a mama ko za a iya duba jininsu da shi, a'a don Allah, mashin ɗin ba na gano kansa tun farko bane, a je asibiti a yi hoto a ɗebi tsokar wurin a auna.