Shekara biyu da karya ƴar Irlanda a gidanmu na Yantala

Ban sayi Tsatsa ba. Wata baturiya da muka yi aiki tare a Yamai ce ta bar mana ita da za ta koma gida, ta haɗa min da takardar allurarta da kwanon cinta da igiya. A lokacin shekararta ɗaya da ƴan watanni. Yara suka sa mata wannan suna saboda launin gashinta, ja mai duhu kamar ƙarfen da damina ta bi ta kansa. Yanzu ta cika shekara biyu a hannunmu, kuma tunda mutane suna yawan tare ni a hanya suna tambayar irinta, gara in faɗi abin da na gani, daɗi da wuya.

Irin nata ana ce masa teriye na Irlanda. Ba babba ba ce, ba kuma irin ƙananan nan da ake rungumewa ba: tsayinta a kafaɗa wajen santimita 45, nauyinta kilo 12. Gashinta kaushi gare shi kamar soson wanka, ga ɗan gemu. Sunan teriye daga kalmar ƙasa ya fito, don an yi su ne su tona rami su fito da ɓera da makamantansa, kuma a yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918 sojojin Ingila sun riƙa aiken irinsu da wasiƙa a fagen daga. Wannan tarihin yana nan a jininta. Ba ta san tsoro ba, ba ta kuma san zama ba.

Abin da ya fara saye zuciyar uwargida shi ne ɓeraye. Ɗakin ajiyarmu da muke zuba gero da shinkafa ya daɗe yana fama da su, mun sa tarko mun sa magani, a banza. Cikin sati uku Tsatsa ta share su, har da wani gafiya da ya yi gida bayan makewayi. Da yara kuwa sai hamdala. Autarmu tana jan gemunta, tana hawa bayanta, ko gurnani ba ta taɓa yi mata ba, ko da yake ba na barin su su biyu ba babba a kusa. Baƙo in ya taɓa ƙofa za ta sanar, in ta ga mun yi masa maraba sai ta yi shiru.

Zafi shi ne babbar matsala, kuma a nan nake so mai sha'awa ya tsaya ya yi tunani. Ni ɗan Tawa ne, na tashi ina ganin karnukan Azawak na makiyaya, dogaye, sirara, gashi kamar babu, waɗanda Allah Ya yi su don wannan rana tamu. Tsatsa daga ƙasar ruwa da sanyi kakanninta suka fito. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da Yamai take wuce digiri 40 kullum, sai ka ga ta zaro harshe tana haki tun hantsi. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, shi ya sa yana iya mutuwa cikin ɗan lokaci in aka ɗaure shi a rana. Mun zuba mata rairayi ƙarƙashin bedi muna jiƙa shi sau biyu a wuni, ruwan shanta daga randa. Yawo sai bayan asuba ko bayan magariba, kuma kafin mu fita nakan ɗora tafin hannuna a ƙasa. In ni ban jure ba, ƙafarta ma ba za ta jure ba. Na so in aske ta tas, likitan dabbobi ya hana. Ya ce gashin yana kare fata daga rana, a dai riƙa tuge matacce da yatsu. Aikin yana cin awa guda, ni nake yi duk bayan ƴan watanni.

Sai kaska. Daminar farko na yi sakaci da magani, ta daina cin abinci, jikinta ya yi zafi, dasashinta ya yi fari. Ciwon jini ne da kaska ke sawa, kuma sai da ta sha magani kusan wata guda kafin ta miƙe. Tun daga nan kowace yamma ina duba kunnuwanta da tsakanin yatsunta, ina cire ƙarangiya a tare. Allurar haukan kare ba na wasa da ita, don cutar in ta bayyana a jikin mutum ba ta da magani, kuma gidana da ƙananan yara. Abinci ma sai da muka koya: albasa guba ce ga kare, mu kuwa miyarmu ba ta rabuwa da ƴar Galmi. Yanzu dabam ake dafa mata shinkafa da tarkacen nama daga mahauta, ba albasa, ba ƙashin kaza. Abinci da magani suna ci min wajen jika goma sha biyar a wata.

Laifinta da ya fi ɓata min rai ya faru ne gabanin Layya. Ta tona ƙarƙashin katanga ta shiga gidan maƙwabci ta kashe zabi biyu. Na je da kaina na ba da haƙuri na biya. Dattijon ya ce min: "Malam, kuɗin ba komai ba ne, amma ka tsare mana ita, jikokina suna wasa a tsakar gidan nan." Gaskiya ya faɗa. Na sa aka zuba siminti a gindin katangar duka, ragon Layya kuma muka kai shi gidan yayana. A waje ba na sakinta daga igiya, don in ta ga wani kare, komai girmansa, ita ce mai fara tsokana.

Maganar addini ma an yi min ita, kuma ban raina ba. Na tambayi malaminmu, ya karanto min hadisin da ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, ya ce malamai da dama sun haɗa da na tsaron gida in akwai buƙata. A kan haka muke: tana tsakar gida, ba ta shiga ɗakuna, kwanonta dabam, tabarmar salla nesa da ita.

Ƙanena da ke haya a Bukoki ya roƙe ni in ta haihu in ba shi ɗaya. Na ce masa a'a. Gidansu na haɗaka ne, akwai kaji, ba inuwa, shi kuma tun safe yake fita sai dare. Wanda na yi wa alkawari shi ne wani abokina a Kwara Kano mai katanga da itatuwa da samari uku da ke son gudu da sassafe, shi ma sai ya zo ya ga yadda ake tuge gashi da cire kaska tukuna.