"Malaika": ta Fadhili ko ta Makeba?

Ƙanena, ka ce a fadarku ta Zango gardama ta kaure kan waƙar "Malaika": wasu sun ce ta Miriam Makeba ce, wani ya rantse namiji ya fara rera ta, kuma kana son sanin wacce ta fi. Wanda ya rantse ba zai yi kaffara ba.

Waƙar da Swahili take. Fadhili William, ɗan Kenya, shi ya fara fitar da ita a faifai a Nairobi a farkon shekarun 1960. Wanda ya tsara ta kuwa har gobe ana jayayya, don wani ɗan Tanzaniya, Adam Salim, ya ce shi ya yi ta tun 1945. Maganar cikinta kowane saurayin Damagaram ya san ta: yana son yarinya, da ya aure ta, amma ba shi da ko dala.

Ta Fadhili da jita take tafiya, kiɗan yana da ɗan sauri, muryar siririya, faifan yana da ƙarar nan ta tsohon ɗauka. Abin da ya sa na fi son ta shi ne mutumin bai zauna yana kuka ba. Yana faɗin talaucinsa ƙafarsa na rawa, kamar ɗan kabu-kabun da aka karanta wa kuɗin sadaki da na lefe ya yi dariya ya ce a ƙara masa shayi. Namiji ne ke maganar aljihunsa, shi ya sa ka yarda da shi.

Makeba, 'yar Afirka ta Kudu, ita ta kai waƙar duniya. Ta rera ta da mawaƙin Amurka Harry Belafonte a faifansu na 1965, wanda ya ci kyautar Grammy. Ta rage gudu, ta ja kowace kalma, sai waƙar ta koma ta jimami, musamman a baitin da ake cewa kuɗi na damun zuciya. A murya kam Fadhili bai kama ƙafarta ba, wannan ba a gardama. Kuma tun da ta zauna a Gine daga 1968, ba mamaki tata ce ta fi shiga kunnen iyayenmu na wannan yanki, har suka ɗauka ita ce mai waƙar.

Akwai ta ƙungiyar mawaƙa Boney M ta 1981, kiɗan disko ne, ka ji ta sau ɗaya ya isa. Ta Angélique Kidjo ta Benin ta fi kusa da hanyar Makeba.

In dare ya yi kana kai kaɗai, sa ta Makeba. A fada kuwa ta Fadhili za ka sa. Amma kar ka yarda a sa ko ɗaya ranar ɗaurin aurenka, don har waƙar ta ƙare saurayin bai samu yarinyar ba.